Ruwan da Bai Sauka a Garinmu Ba

Ƙanena ya rasu a shekarar da ruwa ya ɗauke mana bayan an gama noman farko. Dawa ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya nannaɗe. Kullum da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, mu zuba masa ido har ya watse bai ba mu ko ɗigo ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Tsiga da Bakori, gonakinmu kuwa suna ƙetaren wani rafi mai yashi. A irin wannan lokaci ruwansa ba ya wuce idon sawu, yara ma ba sa naɗe wando idan za su ƙetare.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ne auta. Ni rini na gada, yinina a karofi nake yi, shi ne manomin gidan. Mutum ne mai surutu da saurin fushi da saurin hucewa. Yana da aboki, maƙwabcinmu, sa'ansa, tare aka yi musu kaciya, gonakinsu kuma iyaka ɗaya. Tun suna yara wannan aboki yake ce mini Yaya, kamar yadda ƙanena yake ce mini. A gidanmu ya ci rabin tuwon da ya girma da shi.

Abin da ya haɗa su a damanar nan kunyar gona guda ce. Layin gamba ne ya raba gonakin biyu tun zamanin iyayenmu. Ƙanena ya ce maƙwabcin ya tone gambar da galma ya ci masa kunya, maƙwabcin ya ce gambar ce ta yaɗo cikin tasa. Aka kai magana gaban mai gari, ya sasanta su, ba su sasantu ba. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka sake kaurewa a gaban jama'a, har maƙwabcin ya nuna shi da yatsa ya ce, "Wallahi wata rana sai na fasa maka kai." Ƙanena ma ya faɗi abin da ya fi wannan muni, amma tasa ba wanda ya riƙe, don shi ne ya mutu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Bakori ce. Ina karofi ina matse wani zane, rana ta yi sanyi, sai ga maƙwabcin ya shigo gari a guje, jiƙe sharkaf har ƙirji, ba hula, yana ihu.

"Yaya! Yaya! Ruwa ya tafi da shi!"

Na ce, "Wane ruwa?"

"Ruwan rafi, a mashigi. Na bi gaɓa na bi gaɓa ban gan shi ba."

Duk wanda ke wurin sai da ya ɗaga kai ya dubi sama. Fes take. Ƙasa kuwa busasshiya, har ƙura take tashi a ƙarƙashin ƙafafunmu lokacin da muke gudu zuwa mashigin. Da muka isa muka tarar ruwan ya ɗan ƙaru, ya kai ƙauri, ya yi ja, amma ba ruwan da zai kayar da akuya ba ne balle ƙato kamar ƙanena. Muka bi rafin yamma muna kiransa. Dab da magariba na same shi, can nesa da mashigin, ya maƙale a saiwar wata bishiyar ɗunya da ke bakin gaɓa. Ni na ciro shi da hannuna. Bakinsa da hancinsa cike da yashi, a goshinsa kuma akwai sara, dogo, miƙaƙƙe. Wanzamin garinmu ya duba ya ce wannan ba aikin dutse ba ne, ƙarfe ne.

Kafin mu dawo da gawa magana ta riga mu isa gida. Wasu mutum biyu da suka dawo daga kasuwa, wani dattijo masaƙi da surukinsa, sun ce sun hango su biyun a mashigi da la'asar, sun ga maƙwabcin yana ɗaga galma yana saukewa a kan ƙanena. Masaƙin nan ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ne ma yake jan salla idan liman ba ya nan. Mai gari ya sa aka sa wa maƙwabcin marin ƙarfe a ƙafa, aka tsare shi a zaurensa, don samari sun fara ɗaukar sanduna. Washegari muka binne ƙanena, shi kuma aka wuce da shi Bakori wurin alƙali.

Innarmu ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta da ɗan ƙanena a cinya, yaron ko yaye shi ba a yi ba. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. Ranar sadakar uku ina wucewa sai na ji ta ce, tana duban bango, "A gidan nan ya ci, a gidan nan ya sha." Ba ta ƙara ba. Na gane abin da take nema a wurina. Ni ma a lokacin abin da nake nema ke nan. Idan na rufe ido saran nan nake gani, in ji kamar in je Bakori in shaƙe shi da hannuna.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka ni da Baffa, ƙanen mahaifinmu, mu ne masu neman jini. Tare muka tafi ranar shari'a. Alƙalin tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu a zaurensa, littattafai a gefe, muhutinsa, wato malamin da ke taimaka masa, yana kusa da shi. Ba ya ɗaga murya. Idan ya yi tambaya sai ya sunkuyar da kai ya jira, ko da mutum zai daɗe bai amsa ba.

Aka shigo da maƙwabcin. Ya rame, leɓensa ya bushe. Da ya gan ni ya buɗe baki kamar zai ce Yaya, sai ya fasa. Alƙali ya ce ya faɗi abin da ya faru.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tare muka taso daga gona, muna tafe muna faɗa. Ban ɓoye ba, faɗa muke. Na riga shi ƙetarewa na hau gaɓa. Shi ya tsaya a tsakiyar rafi yana wanke ƙafa yana zagina. Sai na ji wata ƙara kamar garke ya taso. Na duba gabas na ga ruwa yana zuwa a tsaye, ja, da itatuwa a cikinsa. Na ce masa fito, ya zaci cikin faɗan ne. Kafin ya waiga ya buge shi. Ya kama wani reshe a ƙasan gaɓar, na miƙa masa galma ya kama. Na miƙa, ruwa ya janye shi, na sake miƙawa."

Alƙali ya ce, "Wane gefen ka miƙa masa, ƙota ko ƙarfe?"

Ya ce, "Ƙotar tana hannuna, Malam. A yadda nake riƙe da ita na miƙa. Ban tsaya juyawa ba."

"To saran goshinsa fa?"

"Mai yiwuwa galmata ce. Ruwa ya jefo shi kanta. Na ji ta bugi wani abu. Amma Allah ya sani ban sare shi ba."

Baffa ya zabura ya ce, "Kun ji ko! Da bakinsa ya faɗa. Wane ruwa kuma? Ranar ko yayyafi ba a yi ba, kowa shaida ne."

Alƙali ya ɗaga masa hannu, ya sa aka fitar da surukin masaƙi waje, ya fara da dattijon shi kaɗai. Ya tambaye shi inda suke tsaye. Ya ce a kan tudun da hanyar kasuwa ta biyo, kafin ta karkata zuwa gari. Ya tambaye shi ko daga nan ana jin maganar wanda ke mashigi. Ya ce ana jin hayaniya, ba a rarrabe kalma.

"Me ka gani?"

"Na ga wannan a kan gaɓa, yana ɗaga galma yana kai ta ƙasa. Na ga kan marigayi a ƙasa da shi."

"Ka ga ƙafafun marigayi?"

"A'a, ciyawar gaɓa ta tsare."

"Ka ga ruwan rafin da idonka?"

Masaƙi ya ce, "Ban gan shi ba. Amma da safe da na leƙa gona na ƙetare shi, bai rufe mini sawu ba."

"Da safe na ji. Da la'asar nake tambaya."

"Ban gan shi ba, Allah ya gafarta Malam."

"Ka ga lokacin da ƙarfe ya sauka a goshinsa?"

"Ban gani ba. Rana tana fuskarmu."

"Ka ji wata ƙara?"

"Na ji kamar rugugi. Na ɗauka tsawa ce daga nesa, don gabas ta yi baƙi tun azahar."

Sai alƙali ya yi masa tambayar da ban zata ba. Ya ce, "Da ka ga ana dukan mutum da galma, me ya hana ka zuwa?"

Dattijon nan ya sunkuyar da kai, hawaye suka bi gemunsa. Ya ce, "A lokacin ban ɗauka duka ba ne. Na ɗauka irin faɗansu ne na kullum, ana nuna juna da abin hannu. Na ce wa surukina mu wuce, na gaji da raba su. Sai da na ji an ce akwai sara a goshi sannan na ce ashe abin da na gani ke nan."

Aka shigo da surukin, maganarsa ba ta saɓa ba, sai dai shi ya ce ya ga an ɗaga galmar sau da yawa, kuma mai ita a durƙushe yake, ba a tsaye ba.

Daga nan alƙali ya juyo kaina. Ya tambaye ni inda na sami gawar. Na faɗa. Ya ce daga mashigi zuwa ɗunyar nan, ruwan da ya tsaya a ƙauri zai iya kai namiji babba? Na ce ba zai iya ba. Baffa ya ce ai jan sa aka yi aka kai shi can don a ɓatar da sawu. Alƙali ya ce mini, "Kai ka bi rafin. Ka ga alamar an ja abu a yashi?" Na tuna. Yashin a shafe yake sumul, ba sawun mutum, ba na dabba, ko na shanun da suke sha a wurin kowace rana babu. Sawunmu ne na farko a kansa. Na faɗi haka. Ya ce saiwar da ya maƙale a ciki, tana cikin ruwa ko sama da shi? Na ce sama, sai da na miƙa hannu. Ina faɗa ina jin idon Baffa a ƙeyata.

Muhuti ya ce a je a duba tarkacen da ruwa ya rataya a rassan bakin rafi, za a ga iyakar inda ya kai. Baffa ya ce bayan an binne ƙanena an yi ruwa mai ƙarfi a garinmu, rafin ya cika ya batse, duk abin da aka gani a reshe yanzu na wannan ruwan ne. Alƙali ya ce Baffa ya yi gaskiya, ba za a kafa hujja da tarkace ba. Amma ya ce rafi ba a ƙofar garinmu ya fara ba. Ya umarci muhuti ya bi shi gabas har ƙauyukan tudu ya tambayo, ya ce ɗaya daga cikin masu neman jini ya raka shi don kada a ce an ƙulla wani abu. Baffa ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Ni na tafi.

Mun yi tafiyar kusan rabin yini. Tun kafin mu isa ƙauyen farko na fara ganin abin da ban so gani ba. Ƙasar wurin ja ce, irin jan da na gani a ruwan mashigi ranar, mu kuwa tamu baƙa ce. Dawarsu tana kwance gefe guda, ganyenta a yayyage kamar an bi shi da wuƙa. Wani rumbu ya zube, an tattara abin da ya saura an shanya a kan tabarmi. Muhuti bai gaya musu abin da ya kawo mu ba, ya dai tambayi mai garinsu yaushe aka yi wannan ɓarna. Ya ce ranar kasuwar Bakori, bayan azahar, ruwa da ƙanƙara, bai daɗe ba amma bai taɓa ganin irinsa ba. Waɗanda suka dawo daga kasuwa da wuri a zaurensa suka fake. Muka tambayi wasu daban a wani ƙauyen, da wasu Fulani da ke mashekari a gefen rafin. Duk ranar suka faɗa. Wani Bafulatani a cikinsu ya ce maruƙansa biyu ruwan ya tafi da su, ya bi sawu bai same su ba.

A hanyar dawowa muhuti ya yi ta ja na da hira, ni kuwa hankalina ba ya wurin. Haushi nake ji, ban san na wa ba. Na fita daga gida da wanda zan ɗora wa mutuwar ƙanena, ina dawowa kuma ban tabbata ina da shi ba.

Da aka sake zama, alƙali ya saurari muhuti, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce shaidun nan biyu mutanen kirki ne, ba su yi ƙarya ba, amma abin da suka gani shi ne galma tana hawa tana sauka, ba su ga kisa ba. Mai sara da mai ceto, daga kan tudu, da rana a ido, duk haka za a gan su. Ya ce ruwa kuma ya tabbata ya zo, ko da bai sauka a garinmu ba. Amma zuwan ruwa bai wanke wanda ake tuhuma ba, domin mutum yana iya sarar ɗan'uwansa sannan ruwa ya zo ya ɗauke gawar. Ga barazanar da ya yi a gaban jama'a, ga ƙarfensa a goshin mamaci, ga jinkirin da ya yi kafin ya kawo labari. Ya ce wannan zargi ne mai ƙarfi, bai kai shaida ba. A irin wannan hali shari'a ta ba dangin mamaci maza rantsuwa hamsin, su raba a tsakaninsu, su rantse cewa wannan ne ya kashe shi da gangan. Idan sun rantse zai aika da maganar birni a yanke hukuncin ƙisasi, wato shi ma a kashe shi. Mutum ɗaya daga dangin kuwa ba ya yin ta shi kaɗai.

Baffa ya ce a shirye yake. Alƙali ya dube ni.

Na dubi maƙwabcin. Bai roƙe ni ba, kansa yana ƙasa. Na yi ƙoƙari in ga abin da ya faru a mashigin nan yadda Baffa yake ganinsa, na kasa riƙe shi. Na yi ƙoƙari in gan shi yadda maƙwabcin ya faɗa, shi ma ban iya riƙe shi duka ba, don na san zafin zuciyarsa. Abin da na sani tabbas shi ne yashin da na taka da saiwar da na miƙa hannu na ciro ƙanena daga cikinta.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, idan na rantse, cewa zan yi na sani?"

Ya ce, "Cewa za ka yi ka tabbata."

Na ce, "To ban tabbata ba. Ba zan iya ba."

Baffa ya ce, "Kai, ɗan nan! Jinin ƙanenka ne fa. Uwarku tana gida tana jira."

Na ce, "Baffa, ka yi mini haƙuri. In na rantse aka kashe shi, alhali hannu ya miƙa masa, ina zan sa kaina?"

Baffa ya tashi ya fita bai sallami kowa ba. Alƙali ya mayar da rantsuwar kan maƙwabcin. Aka kai shi masallaci bayan la'asar, ya yi alwala, ya rantse hamsin ɗin shi kaɗai cewa bai kashe shi ba. Maƙeri ya cire masa mari.

Ni na kai wa Inna labari, don Baffa bai biyo ta gidanmu ba. Na durƙusa a bakin ƙofarta na faɗa mata komai, har jan ƙasar tudu da maruƙan Bafulatani. Ta saurara har na gama. Ta ce, "An ji." Ta ɗauki yaron ta shiga ɗaki. Ta daɗe ba ta karɓi abinci daga hannun matata ba. Baffa kuwa sai da aka yi girbi aka kai dawa rumbu kafin ya amsa gaisuwata, kuma har ya bar duniya yana kan cewa an sari ƙanena.

Maƙwabcin ya dawo gidansa, amma garin bai karɓe shi ba. Idan ya zauna a inuwar da ake hira sai a watse ɗaya bayan ɗaya. Masaƙin nan kaɗai yake zuwa ya zauna da shi. Kowace safiya yakan tsaya a zaurenmu ya ɗaga murya ya gaida Inna, ba ta taɓa amsawa ba, shi kuma bai fasa ba. Ni muna gaisawa, iyakarta ke nan. Ban iya komawa yadda muke a da ba, shi ma bai nema ba. Gonar ƙanena ni na ƙarasa nomanta a shekarar, na bar karofi a hannun yarana. Sau da yawa muna aiki ni da shi, layin gamba a tsakaninmu, kowa yana nomansa.

Da kaka ta wuce ya zo ya same ni ya ce zai tashi, yana da dangin uwa a wajen Musawa, sun ba shi fili. Ya ce, "Yaya, zamana a nan yana hana Inna warkewa." Ban hana shi ba.

Ranar tafiyarsu da sassafe na fito na tarar ana ɗaura wa jakuna kaya, matarsa da goyo tana kuka a bakin ƙofa. Na taya shi ɗaure tukwane. Ina cikin haka matata ta leƙo ta ce Inna tana kira. Na shiga na same ta da wani ƙunshi a gabanta, daddawa ce da kuka da ɗan barkono, a naɗe cikin tsohon zanenta. Ta tura mini shi da ƙafa, fuskarta a gefe.

Ta ce, "A kai wa yarinyar. Ita ba ta yi mini komai ba."

Na kai. Matar maƙwabcin ta karɓa da hannu biyu ta durƙusa tana fuskantar gidanmu. Na raka su har bayan gari, inda hanya ta rabu, muka yi musabaha da shi, ya kora jakunansa suka yi arewa.